Zaren Goggo Adisa

Ranar Talatar da ta biyo bayan bikin wuta na Bugum, a shekarar da nake aji biyar na firamare, ina zaune a kan turmi kife a ƙofar ɗakin Goggo Adisa. Hannayena a miƙe suke, an sarƙafa musu farin zaren ulu, ita kuma tana naɗewa. An yi azahar, rana ta ƙwalle, ruwan da aka yi da safe yana tashi daga ƙasa kamar tururin tukunya. Kaji sun lafe a gindin darbejiya. Ko rigar makaranta ban cire ba. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin, ya gangaro ya dira kusa da randa. Na zabura zan tashi. Goggo ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Kar ki sauke hannu, Memuna, zai harɗe." Dutse na biyu ya fasa randar. Daga bayan katanga na fara jin muryoyi, na maza da na mata, kuma a cikinsu babu wadda ban sani ba.

Gidanmu yana unguwar Sabonjida, gida ne irin na da, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, rabi namu, rabi na 'yan haya. Kakana ne ya gina shi lokacin da yake fataucin goro. Goggo Adisa yayar babana ce. A ɗakin kusurwar gabas aka haife ta, ta yi aure a Kumasi, ta daɗe a can Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu sai ta dawo da akwatin ƙarfe ɗaya da kwanonin aurenta da tsinkayen saƙa naɗe a cikin tsohon ɗankwali. Saƙar ta koya ne a wurin wata ungozoma da suka yi maƙwabtaka. Ta ce wa Baba ba ta neman gona, ba ta neman gado, ɗakin da aka haife ta kawai take so ta zauna a ciki har ta mutu. Baba ya kwashe buhunan gyaɗar da ke ciki, ya sa aka yi wa ɗakin sabon daɓe, ta shiga. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ba ta zaman gulmar bakin murhu, kuma a unguwa irin tamu wannan kaɗai ya isa a sa wa mace ido.

Shawul na jarirai take saƙawa, irin wanda ake naɗe yaro a ciki ranar suna. Sabon zare yana da tsada a lokacin, don haka ba ta sayensa. Sai ta je kasuwa wurin masu gwanjo, kayan da muke kira buroni wawu, wato Bature ya mutu, ta tsugunna tana tonon tsofaffin suwaita masu kauri waɗanda ba mai kallonsu a zafin garinmu. In ta kawo gida, ta sa reza ta farke ɗinkin, ta lalubo bakin zaren, sannan ta kira mu. Nan ne daɗin yake. Ɗaya ya riƙe rigar, ɗaya ya ja zaren ya ruga har bakin zaure, rigar tana narkewa a hannu layi bayan layi, muna ihu muna gardamar wanda ya fi nisa. Zaren yakan fito a murɗe kamar gashin tunkiya. Sai ta naɗe shi a ƙafafun kujera, ta wanke da sabulun salo, ta rataye a igiya, ta ɗaura dutse a ƙasa don ya miƙe. Famfon layinmu yakan yi makonni bai kawo ruwa ba, mu yara ne muke zuwa dam da garwa a kai tun kafin makaranta. Duk ranar da Mma, mahaifiyata, ta ga an zuba ruwan da muka ɗebo a kan zare, sai ta yi tsaki ta ce, "Mutane ba su yi wanka ba, tsumma ya yi."

Zaren ya yi ta ƙaruwa. Da farko akwatin ƙarfen ne ya cika. Daga nan ta koma kan kwanonin aurenta, manyan nan masu fenti da murfi, ta jera su a bango, kowanne da launinsa: fari daban, ruwan ƙwai daban, shuɗi mai haske daban. Da suka cika ta shiga ɗinke buhunan shinkafa tana ratayewa a jikin azara saboda gara da ɓera. Busasshen ganyen darbejiya take barbaɗawa a ciki don kar asu ya ci. Ko guntun da bai kai tsawon yatsa ba ba ta yarwa, yana da gwangwaninsa. Kuma ta san asalin kowane dunƙule. Takan ɗago ɗaya ta ce wannan rigar wani ƙaton mutum ce, hannunta kaɗai ya ba da rabin shawul. Har gadonta sai da ta tura lungu don ta samu wurin kwanoni. Baba yakan leƙa ya yi dariya ya ce, "Yaya, wata rana sai mun kama wa zaren nan hayar ɗaki." Ita kuma ta ce masa wanda ya tara gyaɗa bai isa ya yi wa mai tara zare gori ba. Ni ce 'yar ɗakinta. In na dawo makaranta, na share tsakar gida, na wanke kwanonin tuwo, to, ƙawayena suna waje suna buga ampe, wasan tsalle da tafi, ni ina kan turmi da hannu a miƙe. Ban taɓa jin an cuce ni ba. Ɗakin yana da sanyi, yana ƙamshin sabulu da ganye, kuma takan ajiye mini ƙanzon wake da shinkafa.

Akwai abubuwa uku da take yi a aikinta, kuma dole in faɗe su don a gane abin da ya biyo baya. Ba ta ƙulla zare. Ta ce jariri ba ya kwanciya a kan ƙulli, fatarsa ba za ta ɗauka ba. In zare ya ƙare za ta haɗa da wani, sai ta tsefe bakin kowanne, ta kai baki ta jiƙa da yawu, ta ɗora su a tafin hannu ta murza da ƙarfi har su manne su zama ɗaya. Wannan haɗin kuwa ulun gaskiya kaɗai yake kamawa, na roba ba ya yi. Don haka in ta sayo riga sai ta yanki ɗan zare ta kara a wutar ashana. Na roba yakan narke ya dunƙule, ulun gaskiya kuwa ya yi ƙauri irin na gashin da aka babbake. Sannan in tana saƙa takan ƙirga idanun saƙar a hankali, leɓenta yana motsi, ko an gaishe ta ba ta amsawa sai ta kai ƙarshen layi. Mu da muke ciki mun san dalilin kowanne. Wanda yake wucewa ta ƙofa kuwa abin da yake gani shi ne tsohuwa marar ɗa tana tofi a zare, tana motsa baki, ƙaurin gashi yana fita daga ɗakinta, ga kwanoni a rufe har rufin ɗaki.

Shekaru aka yi ba wanda ya ce komai, domin shawul ɗinta ya fi na kowa. Daga unguwar Moshi Zongo ma zuwa ake yi. In mace ta haihu, tun kafin a yanka rago an aiko wurin Goggo. Maganar ta fara ne da Sanatu, wata 'yar haya a gidanmu, matar Issahaku mai gyaran keke. Ta haifi ɗanta na fari, namiji, Goggo ta ba ta farin shawul kyauta saboda zaman gida ɗaya. Bayan suna da 'yan kwanaki yaron ya kama zazzaɓi, jikinsa ya sanƙare, kafin a kai asibiti ya cika. Na ga Sanatu tana birgima a tsakar gida tana cusa ƙasa a baki. Ban taɓa mantawa ba, kuma saboda haka har yau na kasa tsanarta yadda zuciyata take so. Bayan sadakar bakwai Issahaku ya tafi wurin wani mai duba a bayan gari. Abin da ya dawo da shi kalma ce guda: wadda ta ɗaure yaron da maita tana cikin gidanku.

Daga nan komai ya juya. A bakin famfo in Mma ta iso sai hira ta mutu. Mata suka fara tuno abubuwa: wadda ɗanta ya yi ƙyanda bara, wadda nononta ya ƙafe, kowacce ta tuna da shawul ɗin wa ta naɗe yaron. Wasu suka ce ai dama kayan matattun Turawa ne take warwarewa tana naɗe 'ya'yan mutane a ciki. Aka fara jefo shawul ta kan katanga, wasu a yayyage, wani da kashin kaza a jiki. Goggo takan fito ta tsince su, ta wanke, ta warware, ta naɗe, ta sa a kwano. A makaranta aka daina zaɓena a ampe. Wata rana a filin wasa wata yarinya mai suna Rabi ta ce da ni ɗiyar mayya, ta tofa yawu a hannu ta murza tana kwaikwayon Goggo, sauran suna dariya. Na kama ta muka faɗi ƙasa, na kafa haƙori a damtsenta ban saki ba sai da na ji gishirin jini a bakina. Malami ya sa manyan yara suka miƙe ni a kan tebur, ya zane ni a gaban kowa har na kasa zama. Da na dawo gida Goggo ta shafa mini man kaɗanya, ba ta tambaye ni dalili ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Haƙori na cin tuwo ne."

Baba ya roƙe ta ta je Kanvili, can gefen gari, gidan kawuna, ƙanin Mma, ta ɗan zauna har maganar ta lafa. Ina bayan ƙofa ina ji. Ta ce, "Alhassan, in na fita daga ɗakin nan na amsa laifin ke nan. Gidan ubana ne." Ya ce to ta daina saƙa a waje, ta daina ƙona zare. Ta daina ƙonawar. Saƙar kuwa ta ce in ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, sai su ce ga shi tana ɓoyewa. Ta ci gaba da zama a ƙofar ɗakinta kullum bayan azahar, inda kowa zai gan ta.

A ranar Talatar, ruwan shuka ya sauka, Baba da yayyena maza sun tafi gona tun safe. Ashe da hantsi ɗiyar wani maƙwabcinmu ta shiɗe, aka ce ta kira sunan Goggo, alhali yarinyar ko magana ba ta gama iyawa ba. Bayan dutsen da ya fasa randa, ƙofar zaure ta buɗe da ƙarfi suka shigo. Issahaku ne a gaba da ƙarfen taya a hannu. A bayansa akwai mai shagon da nake sayen sukari a wurinsa, da samarin da suke ƙwallo da yayyena, da matan da suka sha zama a tabarmar Goggo suna zaɓen launi. Sanatu ta fito daga ɗakinta ba ɗankwali, ta nuna da yatsa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Shi ne! Tsohuwa nan shi ya ɗaure ɗana!" Wani ya fizge zaren daga hannuna har ya yanke ni a wuyan hannu, ya hankaɗe ni na bugu da bango. Suka kama Goggo ta wuyan riga suka ja ta a ƙasa zuwa tsakiyar gida. Ba ta yi ihu ba. Tana ta cewa, "Ku bari in sa mayafina."

Samarin suka shiga ɗakin suna fito da kwanoni suna bugawa da ƙasa. Murafe suka yi ta ƙara, dunƙulen zare suka bazu ko'ina, fari da shuɗi da ruwan ƙwai suna gangarawa cikin taɓo, ana tattakawa. Suka farke buhunan da wuƙa. Suna neman layu ne ko ƙasusuwa, ba su samu komai ba sai zare da busasshen ganye, amma wata ta ɗago ganyen ta ce ga maganin. Suka tara komai a gindin darbejiya, wani ya kwarara kananzir, aka ƙyasta ashana. Ulun gaskiya ne kusan duka, domin shi ta yi shekaru tana zaɓa. Da wutar ta kama sai gidan ya cika da ƙaurin gashi, mai kauri, har yana shaƙe mutum. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kun ji? Gashin mutane ne!" Daga wannan kalmar ba wanda ya sake riƙe hannunsa. Suka rufe ta da duka, da itacen girki, da bulo, da ƙafa. Na ga goshinta ya fashe, jini ya rufe mata ido ɗaya. Na ga wata mata ta take mata hannun dama a ƙasa, wani saurayi ya ɗaga taɓaryarmu, wadda muke daka sakwara da ita, ya sauke a kan yatsun. Na ji ƙarar. Sai a lokacin Goggo ta yi sauti, wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba.

Mma tana can bayan ɗakuna tana wanki lokacin da suka shigo, ƙanina Yakubu yana goye a bayanta, bai fi 'yan watanni ba. Mma ba ta taɓa shiri da Goggo sosai ba, kullum cikin mitar ruwa da wuri suke. Amma ta ratso taron da kumfa a hannu, sanda ta same ta a kafaɗa ba ta tsaya ba. Ta durƙusa, ta kwance goyon, ta ɗauki Yakubu ta ɗora shi a kan ƙirjin Goggo, cikin jinin, ta miƙe ta fuskance su. Ta ce, "In mayya ce, ga nawa, ta ci a gabanku. In kuma za ku ci gaba, to, ku haɗa da shi." Yaron ya tsala kuka. Goggo ta ɗago hannun hagu ta tallafe kansa don kar ya zame. Issahaku yana tsaye da ƙarfen a sama, ya dubi jaririn, hannunsa ya sauko a hankali. Kafin limamin masallacin layinmu ya iso yana dogara sanda yana cewa a ji tsoron Allah, rabinsu sun zame ta zaure, kowa yana kallon ƙasa.

A cikin amalanken ɗaukar kaya aka kai ta bakin titi, daga nan asibiti. Ta rayu. An ɗinke goshin, amma yatsu uku na hannun daman sun warke a lanƙwashe, ko cokali ba ta iya riƙewa da kyau. Baba ya so ya kai ƙara, dattawan unguwa suka yi ta zarya a zaurenmu suna cewa a bar maganar a gida, duk 'ya'yan juna ne. Ya bari. Daga asibiti ba a dawo da ita Sabonjida ba, Kanvili aka wuce da ita, gidan kawuna, aka ba ta wani ɗan ɗaki kusa da madafa. Baba ya ce na ɗan lokaci ne. Issahaku da Sanatu suka tashi kafin kaka, amma sauran suna nan, muna haɗuwa a famfo, a masallaci, a wurin suna. Duk lokacin da Baba ya ɗauko maganar dawowarta sai a ce masa a ƙara haƙuri, zukata ba su gama sanyi ba. Mu kuwa mun yi makonni muna share tsakar gida, tsintsiya tana fito da guntayen zare daga cikin ƙasa.

Kowace Asabar nakan taka zuwa Kanvili in kai mata tuwo da miyar ayoyo. Ba ta taɓa ambatar sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba ta kuma tambayi zarenta ba. Tambayarta ɗaya ce, in na tashi tafiya: "Wa ke ɗakina?" Da farko nakan ce ba kowa, a rufe yake. Daga baya gyaɗa ta koma ciki, na faɗa mata, ta ce gyaɗa ba ta ɓata daɓe. Na gama makaranta, na yi aure, na haihu, Baba ya rasu, tambayar ba ta canza ba. A can ta koya mini saƙa da baki, tana kallon hannuna tana gyara mini. Da na yi nawa gidan na roƙe ta ta dawo wurina, ta ce in ta tashi daga Kanvili, wuri ɗaya za ta.

Bara ta rasu, bayan ƙaramar salla. Yakubu, wanda yanzu shi ke riƙe da gidan tun da yayyena suka yi nisa, ya ce ba za a yi mata wanka a gidan aro ba. Ya sa aka kwashe kayan da ke ɗakin kusurwar gabas, aka share, aka kawo ta a mota. Ni da Mma muka yi mata wanka a ciki. Unguwa ta cika gidan. Wasu daga cikin waɗanda suka shigo a waccan Talatar sun mutu, wasu sun tsufa, suka zauna a tabarma suna cewa Allah ya ji ƙanta, mace ce mai haƙuri. Na ba su ruwa, na amsa da amin.

Yanzu an yi wa tsakar gidan siminti, an sare darbejiyar an kafa tankin ruwa a wurin. Shawul kuwa a leda ake sayo shi a kasuwa, duk iri ɗaya, ba wanda ya san hannun da ya yi shi, ba kuma wanda za a tuhuma. Ina saƙa jefi-jefi in wata tawa ta haihu, zarena ma ya fara cika durowa, 'ya'yana suna yi mini dariya. In na je Sabonjida nakan tsaya a ƙofar ɗakin nan in ga yara suna wasa a inda aka ja ta, ba su san komai ba, ni ma ba na faɗa musu. Gidan ubanta ya karɓe ta daga ƙarshe, amma sai da ta daina bukatar ɗaki.